Tsawa a Bayan Labule

Magabata sun ce in ka ga ƙi-gudu, to sa-gudu ne bai zo ba. Na daɗe ina jin wannan magana, amma ban ga fassararta da idona ba sai a kan ɗan baffana, wanda ya girme ni da 'yan watanni kawai, ya kuma dage lallai sai na riƙa ce masa Yaya.

A garinmu Tsawa ake kiransa, saboda wani ƙahon tagulla mai maɓallai uku da yake busawa a filin ƙwallo duk ranar da ƙungiyar unguwarmu take wasa. In ya busa, tantabaru sukan watse daga kan rufin kwano, mai tsaron ragar abokan hamayya ya manta inda ƙwallo take. Babu wanda ya taɓa tambayar ko busar tana kan hanya. Ƙara ake so, shi kuwa yana da ita har ta sadaka.

Mu biyu muka sami gurbi a babbar makarantar koyon kiɗa da ke wani birni mai nisa, ni da 'yar sarewata, shi da ƙahonsa. Ranar tafiya, a tasha, ya dafa kafaɗar Baffa a gaban jama'a ya ce, “Baba, in ka zo taron buɗe zango, kada ka wahalar da idonka a layin baya. Kujerar farko ta masu ƙaho, nan za ka same ni. Wannan yaron kuwa,” ya nuna ni da haɓa, “zan roƙa masa wani lungu.”

Baffa ya ce, “Allah ya sa. Ni dai zan zo.”

Abin da Yaya bai lura da shi ba ke nan. Baffa mutum ne da in ya ce zai zo, to ya zo.

Ranar farko da muka shiga makarantar, aka bi da mu ta wani dogon baranda mai ƙananan ɗakunan gwaji a dama da hagu, kowane da ƙofa mai tagar gilashi. A ɗaki na farko wata yarinya ce ƙarama a gaban fiyano, yatsunta na gudu kamar ruwan sama a kan kwano, idonta a rufe. A na biyu wani siririn saurayi ne da ƙaho irin na Yaya sak, yana fitar da wani sauti mai laushi wanda ban taɓa sanin tagulla tana iya yinsa ba. Ni dai na ji kamar in ɓoye sarewata a cikin wando in koma gida. Na waiwaya na dubi Yaya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya rungume akwatin ƙahonsa kamar mai jego.

Na ce, “Yaya, ko jikin ne?”

Ya ce, “Tausayi ne ya kama ni. Ka ji yadda yaron nan yake busa kamar mai tsoron tada jariri? Yunwa ce. Ba sa ci su ƙoshi a birni.”

A zauren taro shugaban sashen busa ya yi mana bayani. Dattijo ne gajere mai furfura, ɗalibai suna ce masa Malam Shiru, domin kalmominsa kamar da awo yake fitar da su. Ya ce kafin taron buɗe zango za a yi gwajin kujeru. Kowane sabon ɗalibi zai busa waƙa guda da aka zaɓa wa sashensa. Wanda ya fi zai hau kujerar farko, saura su bi baya, wanda ya gaza kuma a mayar da shi ajin share fage sai baɗi. Sa'an nan ya nuna wani baƙin labule mai kauri da ya raba dandamali da zauren.

Ya ce, “A bayan wancan ake busawa. Alƙalai da ɗalibai suna nan, ba sa ganinka. Za ka cire takalmi, kada a gane tafiyarka. Ba tari, ba gaisuwa, ba suna. Lamba kawai. A nan kunne ne alƙali, ido ba shi da ƙuri'a.”

Yaya ya ɗaga hannu. “Malam, to in mutum ya burge, yaya za a san shi ne?”

Malam Shiru ya dube shi daga sama har ƙasa. “Ka fara burgewa tukuna.”

Aka raba mana takardun waƙa. Yaya ya juya tasa sama, ya juya ta ƙasa. Ni na ɗan iya karanta alamomin kiɗa, a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙaya. Shi kuwa duk busarsa ta kunne ce. Ya matso ya raɗa mini, “Wane ne ya zuba wa mutanen nan tururuwa a kan igiyar shanya?”

Na ce, “Yaya, in kana so mu zauna in nuna maka ɗan abin da na sani.”

Ya ce, “Kai? Kaza ta koya wa shaho tashi? Ni a jinina abin yake. Matsalata ɗaya ce: in na yi gwaji a makaranta, za su sace mini salo. A gida zan yi, a ɓoye, ranar gwaji in faɗo musu kamar aradu.”

Na gane cewa abin da yake gudu shi ne tagar gilashin nan, kada siririn saurayin ya leƙo ya ji. Amma ƙane ba ya faɗin duk abin da ya gani.

Ɗakin da muka kama haya yana hawa na biyu na wani tsohon bene. A ƙasa akwai shagon tela da na mai aski, a gefenmu wata ma'aikaciyar jinya ce wadda takan dawo daga aiki da safe ta kwanta, can kusa da matakala kuma mai gidan ce, wata dattijuwa da muke ce wa Inna. Washegari da hantsi Yaya ya buɗe taga, ya cika ƙirji, ya busa.

Karen maƙwabta ne ya fara amsawa. Sai muka ji tela ya yi salati daga ƙasa, ya hau matakala da almakashi a hannu.

Ya ce, “Wane ne ya mutu?”

Yaya ya ce, “Kiɗa ne, maigida. Na manyan makarantu.”

“To manyan makarantu sun sa na yanke hannun rigar mutane. In ka ƙara, da wannan almakashin zan yi wa ƙahon kaciya.”

Kafin ya sauka, ma'aikaciyar jinya ta buɗe ƙofarta, idanunta jawur. Ta ce, “Ƙanena, na kwana a kan marasa lafiya, na ji kuka iri-iri, amma ban taɓa jin mai ciwo irin na abin nan naka ba. Ka kawo shi a duba shi.”

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kawai, “Ɗana, ɗaki na ba ku haya, ban ba ku unguwa ba.”

Da suka watse, Yaya ya gyara wuyan riga ya ce mini, “Ka gani? Busa ɗaya, mutum uku sun bar aikinsu sun zo. Siririn nan zai iya?”

Don a zauna lafiya ya ɗauki safarsa guda, wadda ta yi tafiyar mota tun daga garinmu ba ta ga ruwa ba, ya cusa ta a bakin ƙahon. Sautin ya koma kamar na tunkiya a cikin rijiya. Unguwa ta sami sauƙi, ɗakinmu ya shiga uku.

Da aka kira darasin farko na masu busa, Malam Shiru ya jera mu, ya ce kowa ya ba shi sauti ɗaya tak, dogo, mai tsabta. Na ba da nawa yana rawa kamar ɗan akuya sabon haihuwa. Malam ya ce, “Tsoro ne. Zai wuce.” Siririn saurayi ya ba da nasa, kowa ya yi ajiyar zuciya. Da aka zo kan Yaya, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga ƙaho sama kamar yadda yake yi a filin ƙwallo, ya busa. Babu abin da ya fito. Ya ƙara ƙarfi, kumatunsa suka yi kamar ƙwarya biyu, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya manta da safa. A karo na uku ta fito kamar harsashi, ta tsallake kan ɗalibai biyu, ta sauka a kan takardun da ke gaban Malam.

Malam ya ɗaga ta da bakin alƙalami, ya kau da hanci. “Na nemi sauti, an ba ni wanki.”

Aji ya kece da dariya. A hanyar gida Yaya ya ce, “Yanzu dai duk sun san ni. Kai wa ya san ka?”

Amma daga ranar barci ya ƙaurace masa, abinci ma sai ya tsakura. Ya koma bayan tashar mota inda ƙarar injuna take rufe tasa, yana busa tun safe har la'asar, ba hutu, ba tsari, yana kokawa da waƙar kamar mai kokawa da jaki. Mai busa ya san leɓe nama ne, yana gajiya. Yaya ya ce nasa ƙarfe ne. Ana saura kaɗan gwaji, leɓensa na sama ya tsage, ya kumbura.

Na ce, “Yaya, ka huta, ka sa ruwan sanyi. Ko mu tambayi maƙwabciyarmu, aikinta ne.”

Ya ce, “Wadda ta zagi ƙahona? Allah ya kiyaye.”

Sai ya sauka wurin mai aski, mutumin da bai taɓa jin wata cuta ya ce bai san maganinta ba. Mai aski ya duba leɓen ta madubi, ya girgiza kai irin na masana, ya ce, “Jini ne ya daskare. Abin da ya daskare kuwa zafi yake so.” Ya ɗauko man zafi irin wanda 'yan ƙwallo suke shafawa a cinya, ya lafta masa.

Ihun da Yaya ya yi ya fi duk busar da ya taɓa yi daɗin ji, in ji tela. Da gari ya waye leɓen ya yi kamar an ɗora masa ƙoda a ƙarƙashin hanci. Ma'aikaciyar jinya ta gan shi a matakala, ta ce, “Sannu, ƙanena. Yanzu kai da ƙahon kun yi kama.” Duk da haka ta ba shi magani, ta ce kada ƙarfe ya taɓa wurin sai ya warke. Gwaji kuwa gobe.

Na ce, “Mu je mu gaya wa Malam gaskiya. Ko ya ɗaga maka, ko ka shiga share fage. Ba mutuwa ba ce.”

Ya ce, da baki a karkace, “In shiga ajin yara, Baba ya zo ya tarar da ni ina koyon riƙe ƙaho? Kai dai ba ka da hangen nesa. Ka manta da labule?”

Ya ciro wayarsa da wata 'yar lasifika mai girman sabulu. Ashe ya je ɗakin saurare na makaranta, inda ake ajiye tsofaffin busa don ɗalibai su koya, ya kwafo waƙar gwajin kanta, ƙaho zalla ba rakiya. Ya kunna mini. Ban taɓa jin abu mai kyau irin wannan ba.

Na ce, “Busar wane ne?”

Ya ce, “Ina ruwana? Gobe tawa ce. Su suka ce ido ba shi da ƙuri'a. Ni na sa su rataya labule?”

Na ce, “Yaya, ramin ƙarya ƙurarre ne.”

Ya ce, “Ga masu gajeren tunani.”

Ya cusa lasifikar a bakin ƙahon, inda safa ta taɓa zama, ya ɗaure ta da roba, don sauti ya fito ta inda ya kamata. Na yi masa magana har bakina ya gaji. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar gwaji zaure ya cika. Masu sarewa aka fara da su. Na cire takalmina, na shiga bayan labule, na tarar da duhu da kujera ɗaya da fitila ƙarama. Abin mamaki, da na ga babu idon da ke kaina, sai numfashina ya dawo. Na yi tuntuɓe sau ɗaya a tsakiya, na tashi na ci gaba har ƙarshe. Na fita ta ƙofar baya, na zagayo na zauna cikin jama'a, ina jiran a zo kan Yaya.

Aka zo kan masu ƙaho. Aka kira wata lamba, muka ji busa mai laushi, kowa ya san siririn ne ko da ba a faɗa ba. Aka kira ta gaba. Can sai waƙa ta tashi.

Sautin ya hau sama a hankali kamar hayaƙin turare, ya sauko, ya sake hawa. Wata malama daga cikin alƙalai ta ajiye alƙalaminta ta dafe ƙirji. Siririn saurayi, wanda ya dawo ya zauna kusa da ni, ya sunkuyar da kai ya ce, “Shi ke nan, kujera ta tafi.” Malam Shiru kaɗai ne ya karkata kai gefe, ya ƙanƙance ido kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san wata fuska.

Da Yaya ya haƙura ya zauna a duhunsa har waƙar ta ƙare, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Amma akwai wani wuri a tsakiyar waƙar inda sauti yake hawa can ƙololuwa ya tsaya. Da ya kai nan, ɗalibai suka kasa daurewa, suka ɓarke da tafi, wani ya yi fito, wata ta ce, “Kai! Wane ne wannan?”

Wane ne wannan. Tambayar da Yaya ba zai iya bari ta wuce ba ke nan, ko da wuƙa a wuyansa. Mutum ya yi shekaru yana jiran tafi irin wannan, sa'an nan a ce lamba ce za ta cinye shi?

Labule ya motsa. Kai ya leƙo, da leɓe kamar ƙoda. Sai kafaɗa, sai mutum gaba ɗaya, ba takalmi, babban yatsansa ya fito ta hujin safa. Ya buɗe hannu ɗaya, ya rusuna, ya washe baki ya ce, “Ni ne! Tsawa ne! Na gode, na gode!”

Ƙahon kuwa yana maƙale a hammatarsa, yana ci gaba da busa abinsa, cikin natsuwa da ƙwarewa.

Tafin ya mutu hannu bayan hannu. Yaya ya ga idanu sun bar fuskarsa sun koma hammatarsa. Ya duba. Ya yi sauri ya kai ƙahon baki, ya taɓa ciwon, ya yi ƙara ya sauke, waƙa ba ta ko girgiza ba. Ya laluba aljihu don ya kashe wayar, garin sauri sai ya ƙara mata murya. Ya toshe bakin ƙahon da tafin hannu, ya cusa shi cikin riga, sai ga waƙa tana fitowa daga cikinsa. Ya juya zai koma bayan labule, safa ta zame a kan katako, ya cafki labulen don ya tsira, ƙugiyoyi suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, baƙin ƙyalle ya rufto a kansa. Daga ƙarƙashin tulin, ƙaho ya kai waƙar ƙarshenta, ya rufe da wani dogon sauti mai ban tausayi.

Wani daga baya ya ce, “A ba ƙahon kujerar, shi a mayar da shi gida!”

Dariya ta kusa tsaga rufi. Malam Shiru ya tashi, ya taka har gaban dandamali, ya ɗaga gefen labulen da yatsa biyu, kamar yadda ya ɗaga safa.

Ya ce, “Fito. Busa ta yi kyau.”

Yaya ya leƙo da alamar sa rai a idonsa. “Na gode, Malam.”

“Ni ke da godiya. Tawa ce. Na yi ta a kan wannan katakon tun gashina yana baƙi. Har ɗan kuskuren da na yi kusa da ƙarshe ka kawo mini, wanda na yi shekaru ina roƙon Allah a manta da shi.”

Yaya ya ce, “Malam, ai girmamawa ce. Na ga babu wanda ya cancanci...”

“Share fage,” in ji Malam. “Da ka shigo da kumburarren leɓenka ka ce kana tsoro, da na ce maka kowa a zauren nan da tsoronsa ya zo, har ni. Amma tunda kai da labule kun saba, za ka mayar da shi ƙugiya bayan ƙugiya. Ranar taro kuma kai za ka ja shi.”

Siririn saurayi ya sami kujerar farko. Ni na sami ta ƙarshe a layin masu sarewa, kusa da bango, lungun da aka yi alkawarin roƙa mini, sai dai ba da roƙon kowa ba.

Baffa ya zo, kamar yadda ya faɗa, da sabuwar hula. Tela da mai aski da ma'aikaciyar jinya da Inna su ma suka zo, tela ya ce ba zai bari a ba shi labari ba. Aka rage fitilu. Mutumin farko da ya bayyana a gaban jama'a shi ne Yaya, cikin baƙar riga, ya kama igiya ya ja da dukan ƙarfinsa. Labule ya buɗe lafiya lau, shi kuma ya tsaya ya rusuna har sau biyu kafin wani hannu ya jawo shi gefe.

Bayan an tashi muka haɗu a bakin ƙofa. Yaya bai bari kowa ya riga shi magana ba.

Ya ce, “Baba, ka gani da idonka. Duk yawansu, da malamansu da fiyanonsu, babu wanda ya isa ya fara sai na ba da izini.”

Baffa ya ce, “Na gani, ɗana. Jan igiya ya yi kyau. Ƙahon fa?”

“Yana hutawa.”

Inna ta ɗaga hannu sama ta ce, “Allah ya ƙara masa hutu.”

Tela da ma'aikaciyar jinya suka haɗa baki suka ce amin, da irin ƙarfin da ban taɓa jin an amsa wata addu'a da shi ba.